Jitar Funtua da Wayarta Mai Taki Bakwai

Mun tashi da asuba ranar Talata, ni da kawuna, tun kaji ba su sauko ba. Daga ƙauyenmu zuwa tashar mota ta Malumfashi tafiyar mil uku ce a ƙasa, motar Funtua kuwa in ta cika ba ta jiran kowa. Fam ashirin ke cikin lalitata, na ɗaure ta tamau a ƙugu ƙarƙashin taguwa, kuɗin audugar da na kai sikeli bana ke nan gaba ɗaya. Tun da ku abokai kun ishe ni da tambayar abin da ya kai ni Funtua da abin da na dawo da shi, to ga labarin, ku huta ni ma in huta.

Kuɗin nan da ma suna da mai su. Shanun huɗa biyu mahaifina ya bar mini, ɗaya maciji ya sare shi a fadama daminar bara ya mutu. Sa guda kuwa ba ya jan garma, karkiya wuya biyu take so. Wani Bafulatani da ya yi rani a gonarmu yana da farin sa ɗan shekara huɗu, mai sanyin hali, ya sallama mini shi a fam ashirin. Ya ba ni zuwa Juma'a, domin Asabar zai tashi da garkensa kafin a fara shuka. In ban saya ba, bana da garmar hannu zan yi huɗar gonar gado tun daga bakin rafi har tudu, kuma na san rabinta ma ba zan kai ba.

To, sai ga jita ta shigo tsakani. Ni makaɗin garaya ne, a hannun kawun nan nawa na koya, tare muke zuwa gayya da damina da biki da kaka. Kafin mahaifina ya rasu na yi shekara biyu ina aiki a masaƙa a Kaduna, a can ne na taɓa jin wata irin jita ta lantarki mai tsirkiya huɗu, masu abin suna ce mata bes. Ban shiga gidan rawar ba, don kada wani ya ce, ta taga na leƙa. Amma muryar nan, wallahi ba a kunne na ji ta ba, a ƙirji na ji ta. Tun daga ranar nake tunanin da za a samu irin wannan murya a bayan manoma ranar gayya, ai ko rago sai ya tashi. Ana saura mako guda mu yi tafiyar nan wani direba ya gaya mini akwai mai gyaran lantarki na tashar jirgin Funtua da aka yi wa canjin wurin aiki, yana neman mai sayen tasa, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau. Kwana uku na yi ina cin tuwo ban san ɗanɗanonsa ba.

Da Inna ta ji, ba ta yi mini faɗa ba. Aikawa ta yi aka kira mata ƙanenta, wato kawun nawa, ta ce da shi a gabana, "Bi shi. In ya sayo mini katako a madadin sa, kai zan tambaya."

Kawu Bamaguje ne na sosai, bai bar abin da ya tarar iyayensa na yi ba, ita Inna ce ta musulunta da ta auri mahaifina. Gajere ne, baƙi, ga tsini a baki. Tun daga ƙofar gida har tashar mota bai bar ni na sha iska ba. Wai me ake da abin kiɗan da sai an ba shi wuta kafin ya yi magana, shi garayarsa ko fura ba ta taɓa roƙonsa ba. Na ƙyale shi yana ta yi, domin in ka tanka wa kawu ka ƙara masa mai ne.

Motar katako ce, sule biyu biyu aka karɓa, kawu ya yi ciniki har ɗan kamasho ya rantse masa da abin da shi kawun bai yarda da shi ba. Muka zauna bisa buhunan dawa, gabanmu wata tsohuwa da kwandon zabi, bayanmu wani malami da tulin littattafansa a gafaka. Kwaltar siririya ce, ta mota ɗaya, in an yi kiciɓis da wata motar kowane direba sai ya sauke ƙafa ɗaya a ƙasa, mu na baya mu sha jijjiga. Hagu da dama kuwa aiki ake. An gama sharar gona, toka baƙi-baƙi inda aka ƙone kara, jakuna na jigilar taki a mangala, ɗorawa ta nuna tana lilo. Kowace gona muka wuce sai kawu ya zungure ni ya nuna mini shanun mutane, bibbiyu, bibbiyu. Ban taɓa sanin shanun huɗa sun yi yawa haka a ƙasar nan ba sai ranar da nake son kada in gan su.

A Bakori aka tsaya aka sauke dawa aka ɗora mazarƙwaila. Muka sayi ƙosai na taro da kunun tsamiya, ƙosan ya sha albasa, na gaya muku gaskiya ya fi na garinmu. Mangwaro ya yi arha har tausayi, kwabo ɗaya a cika maka hula. Tsohuwar nan mai zabi ta tambayi inda za mu, kawu ya ce zai raka ni ne in sayo ƙaramar tsawa a akwati. Duk motar aka yi ta dariya, har malamin nan da tun safe bai ɗaga kai daga tasbihinsa ba.

Rana ta take tsaka muka shiga Funtua. Wanda ya daɗe bai je ba zai ga gari ya ƙaru. Wajen gidan gurzar auduga dilolin bana na nan jibge ana jiran jirgi, farin ɓurɓushi ya manne a kan kowace bishiya da kowace waya. Na tsaya ina kallonsu ina cewa wataƙila tawa audugar na cikin ɗayansu. Bakin tasha masu shayi da burodi, masu tsire, masu gyaran keke, da kantunan da ake jin rediyo na tashi daga ciki. Na yi azahar a wani masallaci kusa da layin dogo, kawu ya zauna a inuwar bedi yana tsare mini takalmi, kamar yadda ya saba yi duk inda muka je.

Gidajen ma'aikatan jirgi na bayan tasha, jere, masu rufin kwano. Mai jitar mutumin Kudu ne, dogo, ya fara furfura, Hausarsa ta 'yan jirgi ce amma ana fahimta sarai. Ɗakinsa duk an ɗaɗɗaure kaya, sauran kwana biyar su tashi. Ya ce ƙungiyarsu ta kiɗa ta watse tun bara, kowa an jefa shi wata tasha, matarsa kuma ta ce ba za ta sake tafiya da wannan kaya ba. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwa a kofin tangaran, sannan ya jawo wani dogon akwati daga ƙarƙashin gado.

Ya buɗe, sai ga jitar. Ja ce, ta ƙoƙe a gefen da hannu ke gogawa, wuyanta ya kusa tsawon kawu. Tsirkiyoyin ƙarfe ne, babbar cikinsu ta kai kaurin karan tsintsiya uku a haɗe. Kawu ya karɓe ta kamar an miƙa masa ɗan wani. Ya ƙwanƙwasa cikinta da ɗan yatsa yadda yake yi wa ƙoƙon garaya, ya kara kunne, ya sake ƙwanƙwasawa. Ya juya ta yana neman rami bai samu ba. Har sansana ta ya yi. Sai ya ja tsirkiya ɗaya, ta yi wani ɗan zuu da ko ƙudan da ke kofin ruwa bai tashi ba. Ya dube ni, ya dubi mai jitar, ya ce, "Ɗan nan, wannan ai murfin ƙofa ne aka sa wa wuya. Tashi mu tafi, ma samu motar la'asar."

Mai jitar ya yi murmushi ya ce, "Baba, tsaya tukuna." Ya jawo wani baƙin akwati mai lasifika a ciki, ya ce da hannunsa ya gyara shi yadda zai sha batirin babbar mota, domin suna zuwa wasa garuruwan da babu wuta. Wannan ya kwantar mini da hankali, don abin da ya fi damuna ke nan, kuma akwai mai cajin batir a Malumfashi. Ya haɗa batir, ya soka waya ɗaya a jikin jitar ɗaya a akwatin, ya murɗa wani abu. Jitar na kan cinyar kawu, yana cikin ba ni labarin yadda za a yi kujera da ita, yatsansa ya taɓa babbar tsirkiyar.

Kofunan da ke kan tebur suka yi rawa. Kwanon rufi ya amsa. Kawu ya zabura ya ce, "Aradu!" ya kusa wurgar da ita, mai jitar ya tare. Ni kam dariya har da riƙe ciki, na ce yau na rama na hanya.

Amma bai mayar da ita ba. Ya koma ya zauna a hankali, ya tanƙwashe ƙafa, ya kwantar da ita yadda yake kwantar da garaya. Ya lalubi tsirkiya biyu na ƙasa ya ƙyale sauran biyun, wai su ba ruwansa da su. Ya yi ta lalube, ya ɓata, ya sake, har yatsunsa suka gane hanya. Can sai na ji abin da ban yi tsammani ba. Taken mahaifina yake kaɗawa, wanda yakan kaɗa masa ranar gayya in ya kama kunyar gona ya bar samari a baya. Na ji taken nan sau ba adadi a garaya, amma ban taɓa jin sa da murya irin ta mai shi ba, mahaifina mutum ne mai kaurin murya. Ba zan ɓoye muku ba, hawaye na yi, a gaban baƙo, ban ko share ba. Matar gidan ta bar ɗaurin kayanta ta tsaya a bakin ƙofa. Kawu ya kai ƙarshe, ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin suka yi shiru, shi ma idonsa ya yi ja.

Sai ya ce, "Saya."

Na ce, "Kawu, san fa?"

Ya ce, "Sa kowace kasuwa akwai shi. Saya, ni zan ji da Yaya."

To fa! Wanda aka aiko ya tsare ni shi ne ke tura ni. Mai jitar ya ce fam ashirin da biyar da akwati da batir, kawu ya kama ciniki da zafinsa kamar kuɗinsa ne, har aka tsaya a ashirin cif, daidai abin da ke ƙuguna. Na riga na sa hannu ƙarƙashin taguwa ina laluben bakin lalita.

Abin da ya tsayar da ni, koyarwar shi kawun ce. Tun ina koyo yake gaya mini ba a sayen abin kiɗa a zaune, sai ka rataya shi ka yi tafiya da shi. Dalili kuwa, mu kiɗanmu na noma ba a tsaye ake yin sa ba. Manoma na gaba da garma, makaɗi na biye da su cikin kunya, taki da taki. In ka ga wani ya fara sanyi sai ka tsallaka kunya uku ko huɗu ka je daidai kunnensa, ka kaɗa masa takensa, ka kira sunan kakansa, har sai ya yi ihu ya sake duƙawa. Makaɗin da ya zauna a gindin bishiya ranar gayya ko fura ba a ba shi da daɗin rai.

Na ce bari in cika al'ada. Na rataya ta a kafaɗa, nauyinta ya ba ni mamaki, na fita tsakar gida ina kaɗawa ina ɗan duƙawa kamar ina bayan manoma. Daɗi ya ɗebe ni, har na fara kirari. Ɗaya, biyu, uku, ina ta tafiya. A taki na bakwai sai na ji an fizge ni ta baya, waya ta fita daga jikinta, murya ta ɗauke ɗif. Na tsaya a tsakiyar gidan mutane da jan katako a wuya, ina jan tsirkiya, ba abin da ke fita sai zuu ɗin nan na farko.

Na dawo na mayar da wayar, na sake aunawa da ƙafa. Bakwai ne dai. Kunyar gonarmu daga rafi zuwa tudu ta fi taki ɗari biyu.

Kawu ya ce a ƙara waya. Mai jitar ya ce ana iya ninka ta, in ta wuce haka sai gurnani ya fi kiɗa yawa. Kawu ya ce to a ɗora akwati da batir a kan jaki, ɗaya a kowane gefen mangala, jaki ya biyo mu. Na ce jaki a cikin dawa tana kai gwiwa, ai kafin a gama gayya ya gama da gonar mai gayya. Ya ce a sa masa takunkumi. Wallahi da gaske yake, ba wasa a fuskarsa. Nan mai jitar ya girgiza kai, kuma Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, don da ya yi shiru da ya sayar. Ya ce ko yayyafi ya taɓa akwatin nan shi ke nan, ya ce, "Baba, wannan abu na ɗaki ne. Mai kaɗa shi wuri ɗaya yake tsayawa, mutane su zo su same shi." Mu kuwa mu ke bin mutane, kuma da damina muke bin su.

Na ce a ba ni zuwa safe. Muka sauka gidan wani ɗan'uwan mahaifina mai sayar da gishiri a kasuwa, aka kawo mana tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya. Kawu bai fasa ba, yana loma yana lissafa mini bukukuwan kaka da za a riƙa ɗaukar mu, wai har Musawa sai an aiko. Ni ma zuciyata na gefensa, wannan shi ne wahalar. Amma biki wata biyu ne a shekara, gona kuwa ita ke ciyar da Inna da matata da ni har da shi kawun in ya zo yini.

Da gari ya waye na fito alwala, sai na ga gabas ta haɗa hadari, iska mai sanyi na kawo ƙanshin ƙasa, alamar an yi ruwa can wajen Maska. Nan na gama shawara. Muka koma bayan tasha na ce wa mai jitar na fasa, na ba shi haƙuri a kan ɓata masa lokaci. Bai ji haushi ba ko kaɗan, ya ce wani ɗan kanti daga Zariya ma ya yi magana. Kawu ya roƙa a sake kunna masa sau ɗaya, aka kunna, ya kaɗa abin da ya kaɗa. Da za mu fita mutumin ya buɗe akwatin jitar ya ɗauko wata tsohuwar tsirkiya a nannaɗe, babbar ce, wadda ya cire bara, ya ba kawu kyauta. Kawu ya ba shi goro biyu farare, ya cusa tsirkiyar a aljihu.

Komowa ba ta yi daɗin zuwa ba. Sule biyu da sisi aka karɓa wannan karon, wai don motar sabuwa ce, kawu ko ciniki bai yi ba. Ya juya mini ƙeya tun daga Funtua. A Bakori na sayo masa fura da nono mai kyau, ya ce ya ƙoshi, sai da na kau da kai ya shanye. Ni ma ba wani farin ciki nake ba, duk ramin da mota ta faɗa sai in ji lalita ta dame ni a ƙugu, in tuna abin da na bari.

La'asar sakaliya muka isa gida. Inna na ganinmu hannu biyu ba katako, ta rangaɗa guɗa, ta kama hannun ƙanenta tana sa masa albarka, wai da ma ta san shi kaɗai ne zai iya da ni. Ku ji mutumin nan! Ya gyara zama ya ce, "Ai Yaya, sai da na yi da gaske." Har kaza aka yanka masa. Na dube shi ya dube ni, na ci nawa rabon ban tona masa asiri ba, sai yau da nake ba ku labari.

Ranar Alhamis na kai wa Bafulatani kuɗinsa na jawo farin sa. Ranar Lahadi ruwan shuka ya sauka. Kawu kuwa ya ɓace kwana shida, sai jiya da hantsi ina gona ina koya wa sabon san karkiya na hango shi tafe da wani abu a kafaɗa. Ƙaton duma ya samu ya fafe, ya rufe da fatar akuya, ya sa masa wuyan gora mai tsawo, ya ɗaura tsirkiyar nan ta Funtua ita kaɗai. Muryarta ba ta kai rubu'in waccan ba, gaskiya ɗaya ce, kofi ba zai yi rawa don ita ba. Amma akwai kaurin a ciki, kana ji ka san 'yar gidan waccan jitar ce.

Abin da na koyo a tafiyar nan bai wuce biyu ba. Kaya komai kyansa, ka tambayi irin aikin da aka yi shi dominsa kafin ka tambayi kuɗinsa. Kuma in za a haɗa ka da mai tsaro, kada a haɗa ka da makaɗi. Har yanzu jitar nan na raina, ba zan yi muku ƙarya ba, wataƙila har in mutu.

Kawu ya shigo kunya ya tsaya a bayana, ya ce in kora shanu. Na kama garma, ya kama taken mahaifina. Ban san ina ƙirgawa ba sai da na ji bakina ya ce bakwai, na saurara. Kiɗa bai ɗauke ba. Muka wuce takwas, muka wuce tara, yana biye da ni, har muka fita tudu.